Kafin Ka Hau Hanyar Sheme da Wayar Nan

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Daga mahaifinka, Alhaji Isuhu Mai'unguwa, zuwa ga ɗana Sanusi. Bayan sallama irin ta Musulunci, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka lafiya, ko da yake katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da naka. Kada ka yi mamaki. Akwai maganar da ta fi ƙarfin baki, sai alƙalami.

An ce mani ranar Asabar za ka tashi, Legas ka nufa, kuma ba da niyyar dawowa kusa ba. Ban hana ka ba. Da me zan hana ka? Gonar da zan ce ka tsaya ka noma ba ta shiguwa saboda ɓarayin daji, wadda ke shiguwa kuma ta bar hannunmu. Abin da ya hana ni sukuni shi ne abin da ke cikin aljihunka: wayar nan taka, 'yar'uwar wadda ka aiko mani lokacin da kake aikin tayil a Abuja. Za ka hau hanyar Sheme da ita yadda take, kuma ka san ko su wa ke tare hanyar. Ni na riƙe irinta wata bakwai. Na san ta fiye da wanda ya sayar maka. Bari in faɗa maka abin da na gani a jikinta, da inda na yi wauta.

Kyau dai, ba a magana. Ran da na buɗe kwalinta sai da na goge hannuna a riga kafin in ɗauka. Siririya ce kamar an fere ta, ga nauyi irin na abin kirki. Gabanta gilashi, bayanta gilashi, gefenta ƙarfe mai sanyi ko da rana ta take. Ba madanni ko ɗaya a fuskarta, sumul. A bayanta idanu uku a jere kamar duwatsun murhu. Santsi gare ta kamar tarwaɗa, har sai da aka sa mata riga ta roba. Abu ɗaya ya ba ni haushi: duk girman kwalin nan, igiyar caji kawai suka sa, kan da ake cusawa a bango babu. Mutum ya sayar maka da doki ya riƙe linzami.

Maƙwabcinmu Malam Haruna, mai tura baro a kasuwa, shi ya fara ganinta. Ya juya ta, ya leƙa fuskarsa a ciki, ya ce, “Alhaji, wannan madubin amarya ne ko allon karatu?”

Na ce, “Waya ce, ɗana ya aiko mani.”

Ya ce, “To ina ake zuba mata magana? Ni ban ga baki ba, ban ga kunne ba. Kai dai Sanusi ya cuce ka, ya aiko maka marfin tukunya.”

Muka yi ta dariya. Ka riƙe sunan Malam Haruna, zan komo kansa.

Wautata ta farko ita ce aljihun gaba. Rigata tana da aljihun ciki mai zurfi, amma na zaɓi na ƙirji, inda idanun nan uku ke leƙowa waje. Da ita nake zuwa masallaci. Da ita nake zuwa ta'aziyya. Batirinta na kwana biyu cur bai mutu ba, amma kullum sai na kai ta shagon mai caji, don kawai a jera ta cikin ƙananan wayoyin mutane a ce, “Waccan ta Mai'unguwa ce.” Tsofai-tsofai da ni. A ƙasar da mutum ke ɓoye sabon takalmi, ni na rataya wa kaina ƙararrawa. Sanusi, duk abin da kake so a gan ka da shi, ka tuna ba masoyinka kaɗai ke da ido ba.

Sai fuskarta. Haskenta ko tsakar rana ba ya dushewa, launinta ya fi na gaske kyau. Ganyen dawa a cikinta ya fi na gona kore. Ka shafa sama ta tafi, ka shafa ƙasa ta dawo, ba gardama, ba jira. Karatun Alƙur'ani kuwa in ta saka, sai ka ce alaramman yana zaune kan tabarmarka. Amma ba don hannun manomi aka yi ta ba. Yatsana duk kanta ce da faso. In taɓa nan ta buɗe can. In za ni amsa kira sai in kashe shi. Rannan ina son kiran limami, sai ga fuskata ta cika wayar, hancina kamar tulu. Ga shi duk rubutunta boko ne, ni kuwa ajami na sani.

A nan na yi wauta ta biyu. Maimakon in ce ban iya ba in mayar maka da abarka, sai na miƙa ta ga shaiɗanin ƙanen nan naka, Tukur. Ka san shi. Shi ne ya ɗaure wa ladan takalma da igiya, shi ne ya taɓa gaya wa mai shayi wai gwamnati za ta raba madara kyauta. Bai shiga aji ko na kwana ɗaya ba, amma ya koyi baƙaƙen boko a kan wayoyin mutane. Na ce mashi ya zuba mani lambobin jama'a, kowa da hotonsa, don in na ga fuska in san wanda zan taɓa. Ya zuba. Ni hoto nake gani. Abin da ya rubuta ƙarƙashin kowane hoto ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Ɗana, kada ka yarda ka ɗauki rubutun da ba ka karanta ba a aljihunka, ko da ɗan cikinka ne ya rubuta.

Idanun nan uku su ne abin alfaharinta. Ɗaya na ɗaukar kusa, ɗaya na ɗaukar fili gaba ɗaya, na ukun kuma jawo nesa yake. Daga ƙofar gida Tukur ya jawo mani shaho a kan kuka har ina ƙirga gashin fiffikensa. Tana kuma yi wa mutum ƙarya mai daɗi: ta goge maka tamoji, ta wanke maka riga, ta dusashe abin da ke bayanka in ka so, ka fito kamar wanda bai taɓa kwana da yunwa ba.

Wata ranar kasuwar 'Yankara muna tsaye inda ake lodin masara, ga wata tirela sabuwa fil, sai ga Malam Haruna ya turo baronsa, gumi sharkaf. Tukur ya ce, “Baba Haruna, aje baron nan ka jingina da motar can, yau zan mai da kai attajiri.”

Ya ce, “Kai ɗan nema, attajiri da wannan rigar?”

Na cire babbar rigata da hulata na ba shi. Ni da hannuna. Ya saka, ya dafa ƙofar tirela, ya turo ciki gaba alhali ba cikin. Masu lodi suna ta ihu, “Alhaji, a ƙara mana na goro!” Shi kuma yana ɗaga masu hannu yana cewa, “Ku ga yarona, ku ga yarona.” Hoton ya fito, wallahi ko matarsa Hurera sai da ta ce, “Wannan ba mijina ba ne, amma in yana neman aure a gaya mashi ina nan.” Wannan hoton aka liƙa wa lambarsa. Wauta ta uku ke nan, kuma ita ce na fi jin daɗinta a lokacin.

Ka tuna abin da ka faɗa mani kan makullinta? Ka ce, “Baba, wannan ko ɓarawo ya sace ta ya saci dutse. Ba ta buɗuwa sai da babban yatsanka.” Gaskiya ka faɗa. Makulli ne mai kyau. Ka aza yatsa, kafin ƙiftawar ido ta buɗe, kuma duk fason hannuna ba ta taɓa ɓata ni ba. Sai dai wanda ya ƙera ta ɓarawon waya ya sani. Bai san ƙasar da ake sace mai wayar da yatsan nasa ba.

Da hantsi ne, rana ta fito sarai. Muna cikin motar haya mun baro Mairuwa, sai ga babura sun fito daga cikin dawa. Ba zan ba ka labarin tafiyar ba, ka ga ƙafafuna da na dawo. Da muka isa inda suke, babbansu, yaro ne da bai kai ka ba, ya zaro wayar daga aljihun ƙirjina. Ba sai ya lalube ni ba, tana leƙensa. Ya juya ta, ya yi fito. Ya ce, “Tsoho, kawo hannu.” Ya kama yatsana ya aza. Ta buɗe mashi da sauri kamar yadda take buɗe mani, ba ta ko yi jinkirin kunya ba.

Suna da wani mai karanta boko. Ya zauna kan dutse yana shafawa, fuskokin mutanena suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, manya-manya, tas-tas. Yana karantawa suna shewa. A nan na fara jin sunayen da nake yawo da su wata bakwai. Kai an rubuta maka Injiniya Abuja. Limami an rubuta Ɗan Majalisa. Mai caji an rubuta Manajan Banki. Waɗannan hotunansu sun ƙaryata sunayen, ko makaho ya ga limami da carbinsa ya san ba majalisar da ya taɓa shiga. Sai aka zo kan mai babbar riga dafe da mota.

Mai karatun ya ce, “Alhaji Haruna Mai Tirela.”

Babban ya karɓa, ya sa yatsu biyu ya buɗa hoton. Wayar ta jawo mashi fuskar, ta jawo mashi aikin wuyan rigar, zare-zare. Ya ce, “Wanga ina yake?”

Na ce, “Wallahi mai baro ne. Rigata ce a jikinsa. Wasa ne na yara.”

Ya ce, “Mu ne yaran? Waya irin wagga ba ta aje lambar mai baro.”

Na rantse da Allah, na rantse da Alƙur'ani. Suka yi mani abin da suke yi. Rana ta farko na riƙe bakina, ta biyu na riƙe. Ta uku na faɗi hanyar da yake bi zuwa 'yar gonarsa. Na ce a raina in sun gan shi da idonsu, suka ga tsummansa, za su gane. Wannan ita ce wautar da ba ni da wa'azin da zan ɗora a kanta. Ban san abin da zan ce maka ka yi ba in kai ne. Abin da na sani kawai, kada ka kai kanka inda za a tambaye ka.

Sun kawo shi bayan la'asar, da fartanyarsa a hannu. Da ya gan ni sai ya ce, “Alhaji, kai ma nan? To alhamdu lillahi, ba ni kaɗai ba.” Suka nuna mashi hoton. Ya yi dariya, Sanusi. Dariya ya yi, yana jiran su ma su yi. Ya ce, “Ai baron yana gida, ku aika a gani.” Suka ce duk attajiri haka yake cewa.

In ƙara maka wani yabo na wayar nan, tunda na ɗauki alkawarin gaya maka komai nata. Tana kama sabis inda wasu ba sa kamawa. Nasu sai sun hau can ƙololuwar dutse, tawa daga gindinsa take samu. Da ita suka riƙa kiranku. Lasifikarta garau, ina jin kukan innarku kamar tana gabana. Da ita suka kira Hurera suna ce mata ta sayar da tirela ɗaya. Tana cewa, “Wace tirela, bayin Allah?” Babban nasu har ya ce mani, “Tsoho, ɗanka ya iya zaɓe. Batirin nan ba ya mutuwa.”

Ni aka sayar da gonar fadama aka fanshe ni bayan kusan wata biyu. Malam Haruna ba shi da fadama. Abin da suka yanka mashi na mai tirela ne, abin da unguwa ta iya haɗawa na mai baro ne. Ran da za a sake ni yana kwance, jikinsa zafi rau. Ya ce in gaya wa Hurera kada ta ba da aron baron, tayar gaba ta yi sanyi. Daga nan ba wanda ya ƙara jin muryarsa.

Mutanen unguwa sun ce masu kai wa ɓarayi rahoto ne suka nuna shi. Na bar su a haka. Kullum da safe Hurera na shigowa gaishe ni, ta durƙusa ta ce, “Alhaji, ya jikin? Kai dai ka ga abin da ya gani.” Ni in amsa ina kallon bango. Ka sha tambayar innarku me ya sa na bar zaman ƙofar gida. To ga dalili.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da sallar da ta wuce ka ba Tukur wayarka ya kalli hotuna, tun kafin wannan masifa. Ya sauya maka sunayen mutane, ka gani, ka yi dariya, ka ce ya iya shegantaka, ka bar su. Suna nan har yau. Innarku tana nan a Hajiya Mai Gidan Mai. Mijin ƙanwarka Binta, da ke facin taya a Sabuwa, yana nan a Ciyaman. Abokinka na Ƙanƙara mai sayar da rake yana nan a Dilan Gwal. Sale kuma, ɗan Malam Haruna, wanda shi kaɗai ya rage wa Hurera, yana nan a Yarima Ɗan Mai Tirela. Ga hotunanka na Abuja, kana jingine da motocin mutane, kana tsaye cikin gidajen da ka shimfiɗa wa tayil kamar naka ne. Duk wannan za ka zuba a aljihu ka bi hanyar Sheme da shi.

Na san abin da za ka ce. Motoci nawa ke wucewa lafiya kullum? Haka ne. Ni ma shekara nawa ina wucewa. Ba na ce za a tare ku ba, Allah Ya kiyaye. Cewa na yi in aka tare, ba kai kaɗai aka kama ba.

Ka goge sunayen nan kafin Asabar. Kowa ka mayar mashi da sunan da ubansa ya raɗa mashi, ba Alhaji, ba Hajiya, ko da sun je Makka sau bakwai. Allah Ya san girmansu, ba sai waya ta sani ba. Ka cire hoto daga kan kowace lamba. Hotunan Abuja su tafi, kuma ka bi su can inda take ɓoye abin da aka goge, don ba ta zubar da shara sai ta yi wata guda tana ajiyarta. In za ka ji tawa gaba ɗaya, ka rabu da ita, ka sayi 'yar rakani-kashi mai madannai da tocila. Ba ta da kyau, ba ta jawo shaho, amma ba ta taɓa mai da mai baro attajiri ba. In ka isa Legas ka riƙe sallarka, ka ci halal ɗinka, kuma kada ka aiko wa kowa a gidan nan abin da ya fi ƙarfin rigarsa.

Ban ce in ka yi haka ka tsira ba. A nan yanzu ba dabarar da ke tsirar da mutum. Wanda ya ɓoye an ɗauka, wanda ba shi da komai an ɗauka. Kawai dai kada a ƙara ɗaukar wani ta dalilin gidanmu.

Allah Ya kai ka lafiya. Ya rufe idon azzalumai daga motar da za ka shiga, Ya tsare gabanka da bayanka, damanka da hagunka. Ya ba ka maƙwabta nagari, Ya sa ka fi ubanka amfani ga maƙwabtanka. Ya jiƙan wanda ya tafi, in ya tafi, Ya dawo da shi in yana raye. Innarku na sa maka albarka. Wassalamu alaikum.

Yaya, dakata, kada ka naɗe takardar.

Baba bai rubuta wannan ba, bai ma san an rubuta ba. Hannunsa na ajami ba wuyar kwaikwayo, tun ina makarantar allo na iya shi. Sau biyu na ce ka ba ni wayarka in gyara, ka ce wayon raba ka da ita nake. Ban ga laifinka ba, duk wanda ya san ni haka zai ce. Na san in ka ga sunana a sama ba za ka kai layi na uku ba.

Abin da ya faru a daji wani direba da aka sako tare da Baba ne ya ba ni labari. Baba kansa kalma huɗu ya taɓa ce mani. Ina shafa mashi magani a baya, bai juyo ba, ya ce, “Tukur, waye Mai Tirela?” Bai ƙara ba, bai kuma gaya wa kowa ba, har innarmu.

Na ɗora mashi laifin da ba nasa ba a takardar nan. Ba shi ya cire rigarsa don kansa ba, ni na yi ta roƙonsa har ya cire. Sunan kuma ba wanda ya sa ni. Ina rubutawa ina dariya, har na nuna wa Baba Haruna na karanta mashi, ya shafa kaina ya ce, “Allah Ya sa bakinka ya zama gaskiya, ɗan nema.”

Ranar Asabar zan riga ka zuwa tasha. In ka goge, ba sai ka ce mani komai ba. In ba ka goge ba, ka mare ni gaban mutane, sannan ka miƙo mani ita kafin mota ta cika.

Ni ne ƙanenka, Tukur, wanda ya rubuta sunan.